Ƙofar da Aka Ce Shuɗiya Ce

Wata nas ce ta rubuta min adireshin
a bayan takardar magani,
ran da aka ɗinke min gira a asibitin Valparaíso.
Ba ta yi min wa'azi ba.
"Alhamis, ƙarfe bakwai. Ƙofar shuɗiya ce."

Wata biyu takardar na aljihuna.
Ta sha wanki, tawada ta baje,
bakwai ɗin nan ne kawai ya ƙi fita.

Garinmu a jingine yake da dutse.
Mashaya duk suna ƙasa, bakin teku,
inda ƙafa ke kai mutum ko bai aike ta ba.
Ɗakin taron kuwa yana can sama.
Gangara ba ta shawara da kowa,
hawa ne ke tambayar ka ko da gaske kake.

Alhamis ta farko na tsaya a mataki na arba'in,
na ce gwiwa ce.
Ta biyu na kai har ƙofa,
na tarar iskar gishiri ta cinye fentin, ta koma toka-toka.
Na ce ashe ba nan ba ne,
na juya da murnar ɓarawon da aka rasa shaida a kansa.
Daren nan na sha har na manta
sunan jirgin da na shekara goma ina sauke wa kaya.

Ta uku ana yayyafi.
Wani tsoho na fama da kujeru a bakin ƙofa.
Bai tambayi sunana ba.
"Nauyi gare su," ya ce, "kama min."
Haka na shiga, riƙe da kujera,
kamar wanda aka kira aiki.

Mu goma sha uku ne.
Buta na fito a kan risho,
burodi an yanka shi da wuƙar aljihu.
Wani yaro mai kwat ya zubar da shayinsa don rawar hannu,
ba wanda ya dubi ƙasa.
Herminia mai kifi ta ce
a tankin masai take ɓoye kwalbarta.
Ɗakin ya fashe da dariya,
ni kuwa gumi ya keto min:
na ɗauka ni kaɗai na san wurin.

Da layi ya zo kaina na ce, "Sunana Nolberto."
Sauran ya maƙale kamar ƙayar kifi.
Suka jira.
Wani jirgi ya yi kuka can ƙasa, ya gama, suna jira.
Na ce, "'Yata ta canza makullin gida."
Ba wanda ya ce ba komai.
Suka ce, "Mun ji. Ka dawo."

Kwana ashirin da shida na yi, na faɗi.
Bikin wani abokin aiki ne, kofi ɗaya,
ɗayan nan da ba ya zuwa sai da danginsa.
Na hau matakalar ina ta shirya ƙarya,
kafin in kai sama numfashi ya ƙare, ƙaryar ma haka.
Eleuterio, tsohon nan, ya matsa min a benci.
"Nawa yau?"
"Ɗaya."
"Ni ma da shi na tashi," ya ce.
Shekararsa goma sha tara bai kurɓa ba.

Yanzu sukari ne aikina.
Ina saye ran Laraba, daura da mashayar da na sani,
in wuce ina ƙirga tayil ɗin titi
har warin ya sake ni.
'Yata ba ta ba ni makulli ba tukuna.
Ta dai aiko hoton jikana, haƙoransa biyu,
ba ta rubuta komai a ƙasa ba.

Jiya na leƙa ta taga.
Ga wani can a mataki na arba'in,
yana murza gwiwa, yana kallon teku.
Ban kira shi ba.
Na fito da kujera biyu na ajiye a bakin ƙofa,
na tsaya kamar sun fi ƙarfina.